Yadda ɗan Damagaram zai nemi karatun masta a fannin mekatronik

Fanfon foraj da ke tashi da kansa idan rana ta yi ƙarfi, ya tsaya idan shato ya cika. Bawul ɗin matatar mai da ke buɗewa daidai gwargwadon zafin da aka auna. Injin da ke cika buhun siminti ya rufe bakinsa ba hannun mutum: duk wannan aikin mekatronik ne. Inji ne da aka ba shi abin ji, abin tunani da abin motsi. A nan Damagaram muna da matatar SORAZ da ta fara aiki a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, muna da fanfunan da ke turo mana ruwa daga Gogo da Machaya da Arungusa, ga fanonin sola da suka cika lambunan Mirya da Gidimuni. Idan akwatin da ke sarrafa irin waɗannan injuna ya tsaya, sau da yawa sai an jira wani ya zo daga nesa. Shi ya sa nake son ƙannenmu da suka gama lisansi, maza da mata, su ɗauki wannan karatu da gaske. Ga yadda ake bin hanyar.

Mataki na farko: auna kanka kafin a auna ka

Mekatronik kamar murhu yake mai duwatsu uku: kanikanci, lantarki, da rubuta umarnin kwamfuta. Tukunyar da ke zaune a kansu ita ce otomatik, wato ilimin sa inji ya gyara tafiyarsa da kansa. Kusan babu mai fitowa daga lisansi da duka ukun a tsaye. Wanda ya yi lantarki a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko a EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, ya san moter da otomat, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injunan masana'anta, amma zanen giya da lissafin ƙarfin ƙarfe kan ba shi wuya. Wanda ya yi kanikanci ya iya zane, yana tsoron waya. Wanda ya yi fizik ko lissafi a Jami'ar André Salifou ta nan gida ko a Abdou Moumouni yana da kai, sai dai hannunsa bai saba da ƙarfen soda ba.

Ɗauko takardun makinka na shekaru uku, ka ware darussan gida huɗu: lissafi, kanikanci, lantarki, kwamfuta. Tara kredin kowane gida. Haka kwamitin ɗaukar ɗalibai zai yi, musamman a Jamus, inda ake ƙidaya kredin kowane fanni ɗaya bayan ɗaya. Gidan da ya fi rama, shi za ka ciyar a watannin da ke gabanka.

Sannan ka gwada kanka da tambaya irin wannan. Ana son fanfo ya ɗaga ruwa mita kubik 5 a awa zuwa tsayin mita 40. Nawa ne ƙarfin da ake buƙata? Nauyin ruwa sau jan ƙasa sau yawan ruwa a daƙiƙa sau tsayi yana ba da kimanin wat 545. Idan fanfo da moter rabin ƙarfin kawai suke mayarwa aiki, kana buƙatar kusan wat 1,100. In ka warware wannan ba tare da gumi ba, madalla. In ka kuma iya juya lissafin moter zuwa sigar Laplace da ake nazarin tafiyar inji da ita, ka faɗi abin da zai faru idan aka ƙara kowane ɗaya daga sassa uku na PID, wato lissafin da inji ke gyara kuskurensa da shi, to kana kan hanya. In ba haka ba, koma kan lissafin matiris da na canji kafin komai. Mai lisansi ta sana'a ya fi kowa buƙatar wannan gargaɗi, domin an cika masa hannu da aiki an rage masa lissafi, alhali masta tun makon farko da lissafi take buɗewa.

Mataki na biyu: ƙera abu ɗaya da ke aiki

A nan zan daɗe, domin a ganina wannan ne ke raba dosiyen da ake karantawa da wanda ake turewa gefe. Ɗaruruwan masu nema suna rubuta cewa suna ƙaunar robo tun suna yara. Kaɗan ne ke iya nuna abin da suka haɗa da hannunsu, da adadin da suka auna, da abin da ya ƙi aiki da yadda suka gyara shi.

Ba sai abu mai tsada ba. Nemi ƙaramin allon kwamfuta irin ESP32 ko Arduino, ƙaramin fanfo mai bolt 12, kaftar, wato na'urar awo, da ke auna tsayin ruwa, wata mai auna kuran ɗin da moter ke sha, fano ɗaya da batir. Abin da ba ka samu a kasuwar Dole ko wajen masu gyaran rediyo da salula ba, masu zuwa Kano za su kawo maka daga Sabon Gari. Da farko ka sa fanfon ya tsaya idan durom ya cika. Wannan aikin yini biyu ne, kuma bai isa a kira shi bincike ba. Daga nan sai ka ƙara abin da ke kashe fanfunan manomanmu: juyawa babu ruwa. Idan rijiya ta ƙafe, nauyin da ke kan moter yana raguwa, kuran ɗin da yake sha ya sauka. Koya wa allon ya gane wannan saukar ya kashe fanfon, ya jira, ya sake gwadawa. Bayan haka ka sa shi ya riƙa rubuta awo kowane minti a katin ajiya: ƙarfin fano, zafinsa, yawan ruwan da ya fito.

Waɗannan awon su ne dukiyarka. Fanon sola yana asarar kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya haura 25. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskarmu ke wuce digiri 40, fanon kansa yana iya kai wa 65, ka ga kashi 16 ya tafi tun ba a yi maganar ƙura ba. Ajiye fano biyu gefe da gefe a lokacin hunturu, ka riƙa share ɗaya ka bar ɗaya, ka auna bambancinsu har wata guda. Malamin da ke zaune a Istanbul ko Susa ta Tunisiya ba shi da wannan ƙura a bakin ƙofarsa, kai kana da ita. Haka nan za ka gane da idonka dalilin da ya sa kayan lantarki na kasuwa, waɗanda aka yi su don digiri 0 zuwa 70, suke mutuwa a cikin akwatin ƙarfe da ke cikin rana, da dalilin da ya sa masana'antu ke sayen masu jure har 85.

Ka tsaya a ƙaramin bolt. Kuran ɗin NIGELEC mai 220 da jerin fanoni da aka haɗa su a layi ɗaya suna kisa. Kada ka taɓa su sai tare da wanda ya ƙware.

Manhajoji kuwa, ba dole sai masu kuɗi ba. Scilab da Octave suna yin yawancin abin da za a nema a MATLAB, FreeCAD na zanen sassan inji, KiCad na zanen allon lantarki, OpenPLC na koyon yaren tsani da ake umartar otomat da shi. Koyi C da Python sosai. Idan ka sami sitaj a inda ake aiki da otomat na Siemens ko Schneider, da bariyatar da ke daidaita gudun moter, da kaftar masu siginar miliamfa 4 zuwa 20, riƙe shi da hannu biyu ko ba a biyanka ko dala, kuma ka karɓi takardar shaida mai hatimi ranar da ka gama. A ƙarshe ka rubuta rahoton aikinka cikin shafi biyar zuwa goma, ka ɗauki bidiyon minti biyu, ka ɗora umarnin a GitHub, shafin intanet da masu rubuta umarnin kwamfuta ke nuna aikinsu.

Mataki na uku: zaɓen inda za ka je

Kada sunan ƙasa ya ruɗe ka. Abin tambaya shi ne ɗakin gwaji: akwai hannun robo, akwai teburin otomat, akwai injin yankan ƙarfe mai kwamfuta, kuma ana barin ɗalibin masta ya taɓa su? Buɗe shafin sashen, ka duba jerin darussa da abin da malamai suka wallafa cikin shekaru uku da suka wuce. Ka kuma sani ba ko'ina ake kiran karatun da sunan mekatronik ba. Wani wuri otomatik ne da kwamfutar masana'antu, wani wuri elektromekanik, wani wuri robotik. Abin da ke ciki ake dubawa.

Mafi kusa da mu Najeriya ce. Jami'ar Bayero ta Kano, kimanin kilomita 240 daga nan ta Matamaye da Daura, tana da sashen mekatronik; haka Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi da Jami'ar Fasaha ta Minna. Kana cikin Hausawa, abinci naka ne, gida tafiyar yini ɗaya. Sai dai digirin injiniya a can shekara biyar ne, namu na tsarin LMD (lisansi, masta, doktora) shekara uku, kredi 180. Saboda haka mai lisansi ya shirya a ce masa ya fara yin difloma ta share fage ta shekara ɗaya, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ce ke tantance takardun waje. Tunda Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'ar a rubuce irin takardar zama da kuɗin makaranta da za a nema daga gare ka.

Wanda ke son ci gaba da Faransanci, Magrib ta fi masa sauƙi. Makarantar injiniyoyi ta Susa a Tunisiya da ENSA ta Tetuwan a Maroko suna da fannin mekatronik, kuma guraben Maroko da Aljeriya kan biyo ta hannun gwamnati, don haka ka riƙa bibiyar sanarwar ANAB, hukumar bursi ta Nijar. Hanyar Faransa kuwa ta yi wuya tun da aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai a Janairun 2024. Kada ka gina shekararka a kanta kaɗai.

Bursin gwamnatin Turkiyya ana buɗe shi galibi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Yana ɗaukar kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi da alawus na wata, da shekara ɗaya ta koyon Turkanci. Mai neman masta ya kasance ƙasa da shekara 30, da maki kashi 75 cikin ɗari. Jami'ar Yıldız da ke Istanbul na daga cikin masu wannan fanni. A Kenya akwai cibiyar Jami'ar Afirka da ake kira PAUSTI, a harabar Jami'ar Jomo Kenyatta, mai masta a mekatronik. Iyakar shekaru 30 ce ga maza, 35 ga mata. Ƙanwata, wannan sassauci domin ke aka yi shi, ki yi amfani da shi. A Masar akwai E-JUST kusa da Iskandariyya, jami'ar haɗin gwiwa da Japan, mai sashen mekatronik da robotik. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda da gwamnatin Sin su ma suna ba da bursin masta. Kowace sanarwa ka fara karanta jerin ƙasashen da aka yarda su nema a wannan shekarar.

Jamus ta yi fice a wannan fanni, kuma yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu. Amma wanda ba shi da bursi sai ya nuna Yuro 11,904 a asusun da aka kulle, adadin da aka sa a 2024, wato kusan Sefa miliyan 7.8 na shekara ɗaya. Kuma masta mai zango uku tana neman kredi 210, wadda ta dace da lisansinmu ita ce mai zango huɗu.

Shawarata ga mai lisansi da makinsa bai yi sama ba: yi shekarar farko ta masta a gida, a lantarki ko fizik ko makamashi, sannan ka nema. Ka zama mai shekara huɗu, ka cike giɓin da ƙasashe masu digirin shekara huɗu ke gani, kuma ka sami malamin da ya san ka da kyau. Wanda ya riga ya sami diflom ɗin injiniya na shekara biyar ya duba shekara ta biyu ta masta ta bincike, ko ma doktora kai tsaye. Zaɓi wurare biyar ko shida, ciki har da ɗaya da iyayenka za su iya ɗaukar nauyinsa ko bursi bai fito ba.

Mataki na huɗu: Turancin Ingilishi

Ko a Tunisiya za ka yi karatu, takardun bayanin kowace kaftar da kowane allo da Ingilishi aka rubuta su. Jami'o'in da ke koyarwa da shi galibi suna neman makin jarrabawar Ingilishi ta IELTS 6.0 zuwa 6.5, ko ta TOEFL wajen 80 cikin 120, kuma sakamakon shekara biyu yake yi. Fara wata shida kafin jarrabawa. Karanta takardar bayanin ESP32 da ƙarfi kullum, ka bayyana aikinka da baki kana ɗaukar muryarka a salula, ka saurara.

Mataki na biyar: takardu

Fasfo ne farko, domin shi ya fi cin lokaci, kuma sunan da ke cikinsa shi ne sunanka a duniya. Jera takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, diflom ɗin bak, takardun maki da shaidar lisansi a kan tabarma, ka duba harafi bayan harafi. Mahamadou a nan, Mamadou a can, ko ranar haihuwa da ta bambanta, ya isa a ajiye dosiye. Gyaran yana bi ta kotu, don haka a fara shi da wuri.

Kowace takarda a yi mata kwafi a buga hatimin tabbatarwa a meri ko kwamisariya. Waɗanda za su fita waje sau da yawa sai sun bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, saboda haka tara komai ka yi tafiya ɗaya. Fassara kuma sai ta tafinta mai rantsuwa, ba ta abokinka da ya iya Ingilishi ba. Kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, wata uku kawai take yi, ita da takardar likita ka bar su ƙarshe. Shekarar karatu a jami'o'inmu takan ja, diflom na asali yakan makara. Nemi shaidar cin jarrabawa da wasiƙar da ke cewa diflom na kan hanya.

Akwai takarda ɗaya da mutane ke mantawa. Makinmu a kan 20 yake, kuma malamanmu ba su da sakin hannu: 12 yabo ne, 14 babban yabo, 16 sai ɗaiɗai. Baƙon da ya juya 13 zuwa kashi 65 zai ɗauka kai matsakaici ne, alhali wataƙila kai ne na biyu a aji. Roƙi sashenku ya ba ka wasiƙa mai bayyana ma'aunin maki da matsayinka a cikin ɗaliban ajinku. Kome ka ɗauki hotonsa da injin sikan, ba da salula a karkace ba, ka ajiye a imel da kuma kile.

Mataki na shida: wasiƙar dalili da masu shaidarka

Shafi ɗaya ya isa. Fara da matsalar, da adadinta: fanfon lambu da ke ƙonewa idan ruwa ya ja baya a watan Mayu, abin da ka haɗa, abin da ka auna, da inda iliminka ya tsaya. Sannan ka faɗi darasi ko ɗakin gwajin da ke wannan jami'a da zai ɗora ka daga nan, ka ambace shi da sunansa. Ƙarshe, abin da za ka yi da shi idan ka dawo. Kowace jami'a da wasiƙarta. Wadda aka kwafo daga intanet ana gane ta tun layin farko.

Malamai biyu ko uku za su rubuta maka shaida. Je ka gaishe su da kanka, wata guda kafin wa'adi, ɗauke da takardun makinka da rahoton aikinka. Ka ce: "Malam, ina neman alfarma, in kun ga na cancanta." Wanda ya duba aikinka na ƙarshen lisansi ya fi shugaban da bai san fuskarka ba amfani. Idan kuma za ka rubuta wa farfesan waje, karanta maƙalarsa ɗaya tukuna, ka yi masa tambaya ɗaya ta gaske a kanta, ka haɗa da bidiyonka. Layi goma ya wadatar. In mako biyu ya wuce shiru, tuna masa sau ɗaya, ka wuce wurin wani.

Mataki na bakwai: turawa, hira, da zaman gida

Yawancin ƙofofi tsakanin Nuwamba da Maris suke buɗe, ke nan shiri tun damina yake farawa. Kada ka kai ranar ƙarshe. Kuran da rezo ba su san wa'adi ba. Tura da saura mako guda. Neman bursin Turkiyya kyauta ne, haka yawancin na gwamnatoci; duk wanda ya ce ka ba shi jika kaza ya sa sunanka, ɓarawo ne.

Idan an kira ka hira ta bidiyo, cika batir, tanadi layi biyu, ka ajiye abin da ka ƙera kusa da kai. Za su tambaye ka me ya sa ka zaɓi wannan kaftar ba waccan ba, me ya lalace, me za ka canza. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka kai nan ba tukuna, ka faɗi yadda za ka nemo shi.

Tun kafin sakamako ya fito ka zauna da Baba da Inna. Bursi ba albashi ba ne, ba zai ɗauki cefanen gida biyu ba, kuma watan farko kafin alawus ya fara shiga yana buƙatar guzuri. Mai iyali ya tsara wanda zai riƙe gidan. Wanda ke cikin sibik, wato bautar ƙasa, ko aikin gwamnati ya nemi izinin tafiya a rubuce, kada ya dawo ya tarar an cire sunansa.

Bayan an ɗauke ka

Zangon farko shi ne mai zafi: lissafin sarrafa inji na zamani, tace sigina, motsin hannun robo, duk a lokaci ɗaya, wataƙila da sabon harshe. Shiga rukunin karatu da waɗanda suka fi ka a gidan da ka rama, kai ma ka taimake su da naka. Ɗakin gwaji kuwa ka zama ɗan gida a cikinsa, ka san ma'aikacin da ke riƙe da makullai, domin shi zai koya maka abin da ba ya cikin littafi.

Batun memuwar, wato kundin binciken ƙarshen masta, ka fara shi tun ƙarshen shekarar farko. Zaɓi abin da malaminka ya ƙware a kai, amma ka jawo shi zuwa ƙasarmu: na'urar share fano ba da ruwa ba, sarrafa fanfuna da yawa a kan rijiyoyin da ruwansu ke ja da baya, gano lalacewar moter daga karkarwarsa kafin ya tsaya, injin matsar man gyaɗa mai daidaita zafinsa. Idan ka zo hutu, zo da kaftar ka ɗauki awo a lambun gaske, da izinin mai shi. Yi da kayan da za a iya samun madadinsu a Kano ko Yamai, in ba haka ba ranar da abu ɗaya ya ƙone aikin ya mutu.

Kafin ka hau jirgin dawowa, karɓi diflom da takardun maki na asali, da cikakken bayanin darussan da ka yi da awanninsu, a buga musu hatimin hukumomin ƙasar da na ofishin jakadancin Nijar da ke kula da ita. Da su za ka nemi a daidaita maka diflom a Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi a Yamai, kuma neman hatimi ɗaya da ya ɓace daga Damagaram yana iya cin watanni.